Irin Tattasan Ya Kellu

Bana shekara tara ke nan da muka rufe Ya Kellu a cikin yashin bakin kwalta, nesa da kogin da ta yi rayuwarta duka a gaɓarsa. Duk shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kanta ba. In na ɗauki alƙalami sai in ga ba ni da abin cewa wanda duk mai kaka bai riga ya faɗa ba: tana da kirki, tana son mu, Allah ya ji ƙanta. Bana kam ina da abin faɗa, sai dai ba mai daɗi ba ne. Amana ɗaya tak ta bar mini, goran irin tattasai, kuma a daminar nan da ta wuce na ga abin da na yi da amanar.

Ita ce ta haifi mahaifiyata. Mahaifina ya rasu ban kai shekara uku ba, Inna ta ɗauko ni ta dawo gidan iyayenta, wani ƙauye a gaɓar Komadugu, gabas da Diffa kafin a kai Geskeru. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ko na faɗa babu wanda ya rage a can da zai amsa. Gidan manoman tattasai ne. Kakana da ɗansa, Kawu Bukar, su ke riƙe da garka, gonar ban ruwa da ke bakin kogi, kuma da kakana ya rasu sai aikin ya koma kan Kawu shi kaɗai. Ni kuwa ina shekara bakwai aka sa ni lakwal, makarantar boko, a Diffa, sai hutu ke kawo ni gida. Yau ina aiki a wani kantin magani a cikin gari. Na faɗi wannan ne don a san tun farko ni ba manomi ba ne, kuma Kaka ta fi kowa sanin haka.

Da na sauka daga mota za ta fito bakin zaure, ta sa hannu a goshi ta kare rana, ta ce, “Wai mijin nan nawa na birni ne? Zo in ga hannun.” Sai ta juya tafina ta murza, ta yi tsaki. “Hannun da bai san laka ba. Mata sun samu mazaje, ni na samu mai ɗaukar jaka.” Ni kuma in ce na sake ta tun bara, takarda ce ba ta iso ba. Ta ce ko ta iso wa zai karanta mata, aure na nan. Da Barbarci ake wannan duka, ni ne nake juya muku. Gajeruwa ce, siririya, ga tsage a kumatu, haƙoranta ja da goro. Ƙamshinta turaren wuta ne gauraye da yajin shanya, har yau in na bi ta wurin masu buhunan tattasai a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Maza ke gyara fangula, su ke ban ruwa, da jigo a zamanin kakana, daga baya da inji. Su ke dashe, su ke kai buhuna kasuwa. Amma iri nata ne, ba namijin da ke sa mata hannu. In tattasai ya fara ja, kafin a yi tsinkar farko, sai ta yayyaga wani tsohon zane siri-siri, ta rataya ƙyallayen a wuya, ta shiga garka ita kaɗai da hantsi. Tana tafe tana sunkuyawa. Ta ɗaga ganye ta duba ƙarƙashinsa, ta matsa ɗa ta ji kaurin namansa, wani lokaci ta ɓalle ɗaya ta ciza ta tofar. Tushen da ya yi mata, wanda tsutsa ba ta taɓa ba, wanda bai yi laushi ba ranar da inji ya lalace, sai ta ɗaura masa ƙyalle. A garka mai fangula da yawa ba ta wuce ɗaure tushe talatin ko arba'in. Daga ranar, ko wane ne kai, ba ka tsinkar mai ƙyalle.

Ni na tsinka. Na kai shekara ashirin a lokacin, na zo hutu, aka ce in taya tsinka. Na ga wasu ’ya’ya manya, jajaye, sun fi na kewaye da su kyau, na ce ai waɗannan su ya kamata su hau saman buhu. Ƙyallen kuwa na ɗauka tsumma ne iska ta kawo. Da ta zo ta ga tushe biyar tsirara, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa na zazzage buhu uku a kan tabarma a gaban matan da ke tsinka, ta zauna ta dinga tsamo nata ɗaya bayan ɗaya cikin wancan tarin, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Matan suna ta ƙunshe dariya. Da ta gama ta dube ni ta ce, “Na buhu na bana ne, Ari. Na ƙyalle na baɗi ne. Kai da ka yi karatu, wanne ya fi tsada?” Sai da na yi kwana biyu ban iya haɗa ido da ita ba.

Na ƙyalle ba a shanya su a ƙasa tare da sauran. A inuwa take shanya su, kan zana, tana juyawa safe da yamma. In sun bushe ƙayau sai ta zuba su ɗungum, ba ta fasa ko ɗaya, cikin wani baƙin gora mai dogon wuya, ta bi da toka, ta toshe bakin da tsumma, ta rataye a ɗakinta. Ba a sake taɓa shi sai an ga hadarin farko, sannan ta fasa ’ya’yan a faifai ta ba Kawu tsabar ya zuba a fangalin reno. Asalin irin daga gidan ubanta ta zo da shi, a ƙetaren kogi, ɗaure a gefen zane ranar da aka kawo ta. A zamaninsu ƙetare ba wata ƙasa ba ce, ɗaya gaɓar ce kawai. Dangin miji sun yi mata dariya, wai amarya ta zo da yaji. Shekara sittin tana zaɓe tana warewa, har tattasan gidanmu ya zama ana gane shi a kasuwa tun kafin a kwance bakin buhu sosai: nama mai kauri, ja mai duhu, in ya bushe ba ya yin fari, in an daka garin yana da maiƙo a hannu.

Abin da ya auka wa bakin kogi kowa a ƙasar nan ya sani, ba sai na tisa ba. Namu rabon ya zo ne wata safiya cikin sanyi. Kawu Bukar ya je tayar da inji, mutanen daji suka ƙetaro suka same shi a can. An ce man inji suke nema, an ce kuma sun aiko masa da saƙo tun da farko bai amsa ba. Ba mu sani ba. An ɗauko shi daga bakin inji, ruwa na ta kwarara cikin fangula ba mai juya shi. Na iso daga Diffa an riga an rufe shi.

Bayan kwana bakwai ba wanda ya yarda ya taka garkar. Tattasai ya nuna, yana zuba a ƙasa. Ran na takwas da hantsi aka nemi Kaka aka rasa. Inna ta fita ba lulluɓi, ni ina biye da ita, muka hango ta can tsakiyar garka da faifai a hannu, tana bin masu ƙyalle tana tsinka, taku kaɗan daga inda ɗanta ya faɗi. Na ce, “Kaka, kin haukace ne? In sun dawo fa?” Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Sun ɗauki Bukar. Su ɗauki wannan kuma? Riƙe mini faifan.” Na riƙe, idona na kan ƙetare, har ta gama tushe na ƙarshe. Na ji tsoro ranar fiye da duk ranar da na sani, na kuma ji haushinta ƙwarai.

Ba a yi wata biyu ba aka ce kowa ya tashi daga gaɓar kogi. Mutane suka kwashi abin da kai zai iya ɗauka suka nufi kwalta. Kaka ta bar kwanonin jerenta, ta bar gadon ƙarfen da take ji da shi, ta rungumo goran nan a ƙirji kamar jariri. Na so in wuce da su gidana a Diffa, ita da Inna, ta ƙi. Ta ce in ta shiga birni wa zai gaya mata ranar da aka ce a koma? Ta zauna cikin mutanenta a bakin hanya, cikin rumfar kara da tampol, inda ba inuwa, ba laka, ruwa sai an bi layi. Matar da ta yi shekara sittin tana jin motsin kogi daga ɗakinta, yanzu motoci take ji. Kullum in na je na tarar ta juya tabarmarta ta fuskanci kudu, wajen gida.

Wata huɗu ta yi. Ba wata cuta mai suna da ta kama ta. Na kawo magunguna iri-iri daga kanti, tana karɓa tana turawa ƙarƙashin tabarma. Abinci ne ta daina ci, magana ta ragu, wasan ma ya tafi. A tsakiyar bazara, wata la'asar, ta sa Inna ta sauko da goran daga jikin rumfa. Ta ɗora mini a cinya, ta daɗe hannunta na kai. Ta ce, “Ba don ka iya ba na ba ka, don ba wani namijin ne. Ka ajiye shi har mu koma gida. Kada ruwa ya taɓa shi.” Na ce to. Ta ce, “Miji, ka ji ko?” Na ce na ji. Kwana uku bayan nan ta cika, ba ta ga ko hadarin farko ba.

Na ajiye shi, kuma na iya ajiya. Na kawo Inna gidana, na kawo goran, na samo wani babban gwangwani mai murfi na sa shi ciki, na ɗora bisa sif inda yara ba su kaiwa. Ruwa bai taɓa shi ba, ɓera bai taɓa shi ba. In baƙi daga garinmu sun zo nakan sauko da shi in nuna musu, su shafa, wasu matan su yi hawaye. Ina jin kaina wani mai riƙon amana. Ni da aikina kullum shi ne juya kwalin magani in duba ranar da zai lalace, ni da nake yi wa tsofaffi faɗa in sun kawo ƙwayar da ta shekara biyar a ƙarƙashin matashin kai, ban taɓa tsayawa na yi wa goran nan tambayar ba. Ba zan ce ban san iri na mutuwa ba. Sani ne irin wanda mutum ke turawa bayan kai ya ci gaba da harkarsa.

Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, Inna kan fito tsakar gida ta dubi gabas ta ce, “Bana dai, in Allah ya so.” Ni ma in ce in Allah ya so. Daminar farko an hana zuwa bakin kogi, an hana hawa moto, wato babur, taki da mai sai da izini, shi kansa tattasan an tsayar da cinikinsa. Daga baya abin ya ɗan sassauta, wasu daga ƙauyenmu suka yi ƙarfin hali suka koma, ba su kai tsinka ba suka dawo da gawa biyu. Wata shekarar kuma ba bindiga ba ce, kogin ne da kansa ya yi ambaliya ya shiga inda bai taɓa shiga ba. Akwai lokacin da aka zo da manyan motoci aka kwashi mutanen wasu garuruwa aka mayar, muka yi ta sauraren a kira namu. Haka shekarun suka dinga wucewa, kowace da dalilinta mai kyau na a ƙara haƙuri.

A shekara ta uku ne aka ba ni dama na ƙi. Akwai wani dattijo, Ba Modu, abokin marigayi Kawu, wanda ya samu aron wata garka yamma da Diffa. Ya tare ni a bakin masallaci ya ce, “Ɗana, na ji irin Ya Kellu na wurinka. Kawo in zuba a gefen nawa, ko fangali ɗaya ne.” Na zo na gaya wa Inna. Ta ce, “A ƙasar aro? Ai cewa ta yi har mu koma.” Gaskiya zan faɗa, daɗi na ji da ta ce haka. Na koma na ce wa Ba Modu wasiyya ce, ba a taɓa ta. Ya dube ni ya daɗe, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce Allah ya mayar da mu gida, ya wuce.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo yau. Wurin da muka rufe ta, wanda aka ce zaman kwana kaɗan ne, ya zama gari: ga shagon caji, ga mai walda, ga masallacin bulo, maƙabartar ta ninka ta sake ninkawa. Yaran da aka haifa a rumfunan nan sun shiga lakwal, in ka tambaye su garinsu sai su faɗi sunan bakin kwalta. Tattasai ya dawo kasuwa, har da injin da rana ke tayarwa. Amma iri yanzu a leda ake sayensa, da hoton wani jan tattasai mai sheƙi a jiki, kuma yawancin masu zubawa ba su san tushen da ya fito daga gare shi ba. Na san za ta karɓi ledar ta juya, ta shinshina, ta ce, “Wace ce uwarsa?” Na kuma san abin da za ta ce da ni, da gwangwanina, da sif ɗina. Wannan ne ban so in ji ba.

A bazarar bana na samu zuwa ƙauyen, wuni ɗaya, tare da wasu mutum huɗu. Da ƙyar muka gane shi. Ruwa ya narkar da katangu sun koma tuddai, ƙaya ta rufe hanyar masallaci, ɗakin Kaka sai da na auna daga gindin tsamiya kafin na ce nan ne. Garkar ta zama kurmi. Ba mu yi awa biyu ba wanda ya kai mu ya ce mu tafi, ya ga sawu bai yarda da shi ba. Muka kamo hanyar dawowa. Ni abu ɗaya ke kaina: ko yau aka ce an zauna lafiya, wa zai koma? Kawu ya tafi, Inna ba ta iya tafiyar kirki, ni ban iya riƙe fartanya ba, ’ya’yana ko Barbarcin ma rabi-rabi suke ji.

Da hadarin farko na sauko da gwangwanin na tafi wurin Ba Modu. Na gaya wa Inna kafin in fita, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ba Modu ya tsufa, amma yana nan a garkar aron. Ya zare tsumman, ya zazzage a faifai. Toka ta tashi, ’ya’yan suka fito lafiya lau, ko ɗaya bai ruɓe ba, jansu ma bai gama tafiya ba. Zuciyata ta yi fari. Ya fasa ɗaya, ya sa ƙwaya a haƙori ya ciza. Ya ce, “Damina nawa?” Na ce tara. Ya ce, “Allah mai iko ne,” ya tashi ya gyara fangali. Muka zuba rabi, ya rufe da ciyawa, ya ce in dinga zuwa.

Kullum kafin in buɗe kanti sai na je, in na rufe kuma in koma kafin magariba. Na koyi yayyafa ruwa da hannu don kada ya tone ƙasa. Fangalin Ba Modu da aka zuba rana ɗaya da namu ya yi kore shar cikin kwana goma. Namu shiru. Ran sha biyu na ga wani tsiro guda a gefe, ganye biyu ƙanana. Na durƙusa a gabansa har wandona ya jiƙe. Na kewaye shi da ƙaya, na yi masa ’yar rumfa, na yi sati ina lallaɓa shi. Ba Modu yana kallo, sai da ganye na huɗu ya fito ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce a hankali, “Ɗana, wannan zaƙi-banza ne.” Ciyawa na yi sati ina gadi. Da tana nan da ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa kuka ne ya zo mini, a gaban dattijo, ban iya riƙe shi ba.

Muka jiƙa sauran rabin muka zuba a sabon fangali, da taki mai laushi, da addu'a. Sati uku muka ba shi. Ko ɗaya bai fito ba. Da na tona da yatsa sai na tarar da tsabar ta kumbura ta ruɓe a inda aka sa ta.

Ban haƙura nan take ba. Kaka ba marowaciya ba ce, na san ta sha ba mutane iri. Na bi rumfunan bakin kwalta, na bi kasuwa, na aika tambaya har Geskeru da Maine. Wannan ta ce nata ya ƙone da ɗaki. Wancan ya ce yunwar shekarar farko ta sa suka daka nasu suka ci. Wata ta ce ruwa ya tafi da shi. Wani mutum ya rantse mini nasa na Ya Kellu ne, ya kai ni garkarsa, na ga tattasai dogo siriri da ko kusa bai yi kama ba. Ya ce ai ya gauraya da na leda shekara da shekaru, amma jininsa na ciki. Na yi masa godiya na tafi. Ba wanda ya ci gaba da ɗaura ƙyalle, mutanen da ke gudun ransu ba su da wannan sukunin, kuma ban ga laifinsu ba.

Saura in gaya wa Inna. Na yi kwana huɗu ina kewaye-kewaye. Ran na biyar bayan la'asar na same ta tana tsince shinkafa, na zauna a bakin tabarma na ce, “Inna, bai fito ba. Ko ɗaya.” Ba ta daina tsincewa ba. Ta ce, “Na sani.” Na ce wa ya gaya mata. Ta ce, “Ba kowa. Tun shekara ta uku na sani. Ita da bakinta ta sha faɗa, iri ba ya wuce damina uku a gora. Da wannan maganar na tashi, Ari.”

Na ce, “To, Inna, ranar da Ba Modu ya nema, don me kika ce a jira?”

Sai a lokacin ta ajiye faifan. Ta ce, “Duk ranar da na ce ka shuka shi a nan, ranar na ce ba za mu koma ba. Bakina bai iya ba. Na so a ce kai ka yi mini gardama, ka ɗauka ka tafi, in yi fushin kwana biyu in huce. Kai ma ka ce to.”

Gaskiya ta faɗa. Mu biyu muka haɗu muka kashe shi, ita da saninta, ni da rabin sanina, kowa ya ɓuya bayan wasiyya. Kaka ba ta taɓa cewa kada a shuka ba. Da ta ce har mu koma, ’yan watanni take nufi. Matar da ta shiga garka kwana takwas bayan kashe ɗanta, da ta kai damina da rai na tabbata da ta zuba shi ko a fasasshen kwano ne a gindin rumfa, ta shayar da shi da ruwan alwalarta, ta ɗaura ƙyalle a kan tushe uku.

A irin wannan rubutu an saba a ce mamaci ya bar hali, ya bar tarbiyya, ya bar addu'a, kuma duk gaskiya ne. Tana nan a bakin Inna in ta yi tsaki, tana nan a ’yata ta biyu da ba ta sayen tumatir sai ta matsa kowanne. Amma ba zan lallashi kaina da wannan ba. Abin da ta yi da hannunta shekara sittin, wanda ta karɓa daga uwarta, wadda ita ma ta karɓa daga wata da ba mu san sunanta ba, ya ƙetare kogi, ya tsallake fari da ambaliya da mutanen daji, ya zo ya ƙare bisa sif ɗina cikin gwangwani mai murfi. Ba zai dawo ba. Ina roƙon Allah ya ji ƙan Ya Kellu, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da Bukar ɗinta. Ina kuma roƙonsa ya sa ta yafe mini, don kunyarta nake ji fiye da kewarta, kuma kewar ba kaɗan ba ce.

Washegarin maganarmu na dawo gida da hantsi ɗaukar wani abu da na manta. Na tarar Inna ta jawo wani ƙunshi daga bayan ƙofarta, wanda tun ranar da na kawo ta gidan nan yake ɗaure ba ta bari a taɓa, tana kwance ƙullin da haƙori don ya ƙi hannu. Kwanoni ne guda huɗu, da ludayi, da wata ’yar fitila, kayan da ta tanada don ranar tafiya. Ta jera su a ƙasa tana goge su ɗaya-ɗaya da gefen zane. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ce, “Ari, ka samo mini kafinta ya kafa katako a bangon nan. A nan zan jera su.”